Zan Sauya Bututun Shigar Iska a Golf GTI Mai Turbo: Daga Ina Zan Fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Golf GTI ƙirar 2011, 'yar Beljiyam, mai injin 2.0 TSI da giyar DSG (otomatik mai kuloci biyu), ta ci kilomita 160,000. Ina so in cire akwatin filtar iska in sa babban bututun alminiyom mai buɗaɗɗiyar filta, in ƙara da bawul ɗin nan mai tsaki idan an saki totur, daga baya in sauya salansar hayaƙi. Wani ya ce mini hakan zai ƙara ƙarfin doki 30. Gaskiya ne? Da wanne zan fara? Daga mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Wanda ya faɗa maka doki 30 ya zuga ka. A wannan injin, muddin ba a taɓa manhajar ƙwaƙwalwar motar ba, bututu da filta za su ba ka ƙara mai daɗin ji ne kawai, ƙarfin da za su ƙara kuwa da kyar ƙafarka za ta ji shi. Ƙwaƙwalwar ce ke ƙayyade matsin iskar da turbo zai tura, kusan bar ɗaya (bar ma'aunin matsi ne) a yadda ta fito daga kamfani. Ko ka buɗe mata hanya kamar ƙofar gari, da ta kai adadin da aka rubuta mata za ta tsaya.

Motar da ta ci kilomita 160,000, lafiyarta ake fara dubawa. Na farko shi ne abin da ke ɗaure sarƙar taimin. Tsohon samfurinsa da ke cikin injinan nan na kafin wajen 2012 yakan saki, sarƙa ta tsallake haƙori, fistin ya daki bawul, injin ya tashi daga aiki. Ana iya leƙa shi ta wata 'yar toshiya a murfin sarƙar na ƙasa ba tare da an kwance injin ba. In tsohon ne, a sa sabon mai lamba 06K 109 467 K kafin a yi zancen ƙarin gudu. Sai bawul ɗin PCV da ke saman injin, mai fitar da tururin da ke taruwa a cikinsa: idan robarsa ta yage, motar za ta riƙa rawa a tsaye, wani lokaci da fito. Kuma da yake injin yana fesa fetur ne kai tsaye cikin silinda, ba abin da ke wanke bawulolin shigar iska, baƙar dauɗa takan daskare a bayansu. Bututu mai faɗi ba zai amfana ba alhali maƙogwaron ya toshe daga ciki.

Bayan nan a yi gwajin yoyon iska. A toshe bakin turbo da murfi mai kan famfo, a hura iska a hankali har kusan bar ɗaya, kada a wuce, a fesa ruwan sabulu a kowace mahaɗa. Inda kumfa ta taso, nan ƙarfinka ke zurarewa. Sau da yawa motar da ake cewa ta yi sanyi, ko take nuna lambar P0299 (ƙarancin matsin turbo) a na'ura, zoben roba ɗaya ne ya mutu.

To, ga maganar bututun. Abin da ya fi ɓata aiki shi ne gidan sensar MAF, wadda ke auna iskar da ke shiga. Sensar tana auna ɗan abin da ya wuce ta kanta ne, ƙwaƙwalwa kuma ta lissafa sauran bisa faɗin gidan da ta sani. Ɗauki misali: bututu mai milimita 70 aka mayar da shi 76. A ido bambancin ba komai ba ne, amma bakin ya ƙaru da kusan kashi 18 cikin 100. Iska ta fi yawa, sensa ta ce kaɗan ce, fetur ya yi ƙaranci. Ƙwaƙwalwa za ta yi ta gyara har iyakar ƙarfinta, sannan ta kunna fitila da lambar P0171. Saboda haka ka sayi wanda aka ƙera wa wannan motar, wanda ke amfani da gidan sensa na asali, kuma kibiyar da ke jikinsa ta kalli wajen turbo. Bututun da aka lanƙwasa aka yi wa walda a Panteka da awon ido, komai kyansa, caca ce.

Buɗaɗɗiyar filta kuma tana da matsala biyu a ƙasar nan. Akwatin kamfani daga gaban mota yake jan iska. Filtar da aka bari tsirara a ƙarƙashin bonet, kusa da turbo, hucin injin take shaƙa, musamman a cunkoso. Duk ƙarin digiri 10 na zafi yana rage kaurin iska da kusan kashi 3 cikin 100, ga watan Afrilu da zafin gari kansa ke kai digiri 40. Ta biyu ita ce ƙurar hunturu. Filtar auduga mai mai ba ta kama ƙura mai laushi kamar ta takarda, kuma in aka cika mata mai, yakan shafe sensar. Ƙurar da ta tsallake tana cin gefen fukafukan turbo da ke juyi sama da sau 100,000 a minti. In dai sai ka sauya, nemi mai rufaffen akwati da busasshiyar filta.

Bawul mai tsakin nan, mu dai ba ma ba da shawararsa. Iskar da yake zubarwa waje sensa ta riga ta ƙirga ta, an fesa mata fetur, don haka duk sakin totur sai cakuɗin ya yi nauyi, motar ta yi shaƙuwa. Na asalin yana mayar da iskar ne bakin turbo. In naka mai roba ne, sauya shi da mai fistin, lamba 06H 145 710 D, ƙusoshi uku ne kawai.

Inda kuɗinka zai yi aiki sosai shi ne bayan turbo. Iskar da aka matsa tana fita da zafin da ya haura digiri 120 a rana mai zafi, kuma intakular wannan motar, wato abin da ke sanyaya wannan iskar, a matse take tsakanin lagireto da kwandansar AC. Ja biyu ko uku masu ƙarfi, sai ta ɗumame, ƙwaƙwalwa ta ja taimin tartsatsin fulogi baya, ƙarfi ya ragu. Babbar intakula, irin ta Audi S3 da aka saba sawa, ta fi kowane bututu amfani a nan. Duk bututun ƙarfen da za a sa a wannan ɓangaren, dole bakinsa ya kasance da ɗan tudu kewaye, tiyon ya zama na silikon mai ninki huɗu, kilif ɗin mai ƙusa ya zauna a bayan tudun. A goge mai tas kafin a haɗa. In ba haka ba, wata rana a kan hanyar Zariya za ka ji "fam!", motar ta koma kamar mai jan kaya.

Ƙarfin da kake nema a manhaja yake. Matakin farko na sauya manhajar yakan ɗaga motar daga doki 200 ko 210 zuwa wajen 250, ba tare da an sauya ko ƙusa ba. Sai dai ka lura da fetur. Yawancin manhajojin an rubuta su ne don mai lamba 95 ko 98 a ma'aunin RON, wato ma'aunin juriyar fetur ga matsi, namu kuwa ya fi kusa da 91. Kada lambar Amurka ta ruɗe ka, 91 ɗinsu kusan 95 ne a RON. Ka sa a rubuta mai sauƙi, a ɗauki bayanan tafiya da VCDS, na'urar binciken motocin Volkswagen, a giya ta uku. In ana ganin ƙwaƙwalwa na janye taimin sama da digiri 5 ko 6 a kai a kai, a rage matsin. A sa fulogi mai sanyi da mataki ɗaya, tazarar baki milimita 0.7, baƙin mai kuma 5W-40 mai shaidar VW 502 00.

Salansar baya ƙara kawai take sauyawa. Bututun hayaƙi da ke fita daga turbo mai inci uku shi ne mai tasiri, amma yana buƙatar manhajar mataki na biyu, kuma a nemi mai matatar hayaƙi a ciki. Kafin ka kai nan, giyar DSG ɗinka an tsara ta ne don ƙarfin juyi na wajen Nm 350, matakin farko ma ya kai ta bakin iyaka. A sauya mata mai da filta duk kilomita 60,000, in ba ka da tabbacin an taɓa yi tun shigowarta, a yi shi a wannan makon tare da duba sarƙar.