Tambayoyin Masu Karatu: An kawo min fatar damisa da takarda, in saya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni baduku ne a Kano, ina ɗinkin jaka da kube da layu. Wani mutum ya kawo min fatar damisa sukutum, ya ce daga Kamaru ta fito, har da takarda mai hatimi. Ina da mai saye da zai fita da jakar ƙasar waje. Doka ta yarda? Daga wani baduku, Kano.

AMSA: Wa'alaikumus salam. Malam, kada ka saya, kada ka ba da kafin alƙalami, kada ma ka karɓi ajiyarta.

Akwai yarjejeniyar CITES ta cinikin namun daji tsakanin ƙasashe da aka sa wa hannu a Washinton a 1973, ta fara aiki a 1975, kuma Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi duk suna ciki. Damisa tana rukuni na ɗaya, wato dabbobin da aka haramta cinikinsu tsakanin ƙasashe. Haramcin ya haɗa da fata da farce da haƙori da duk abin da aka ɗinka da su, don haka mayar da fatar jaka bai canza komai ba. Kafin fatar damisa ta tsallaka iyaka bisa ƙa'ida sai da izini biyu, na ƙasar da za ta fita da na ƙasar da za ta shiga, kuma ba a bayar da na shigar idan don kasuwanci ne. Ka ga ke nan babu takardar da za ta halatta abin da aka kawo maka. A Najeriya Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ce kaɗai ke ba da irin wannan izini. A cikin gida ma dokar 1985 ta hana farautar damisa da cinikinta, kuma an ƙara tararta a gyaran 2016. Idan kwastan suka kama jakar a filin jirgi, za a bi sawu har rumfarka.

Ka duba fatar da kyau, za ta gaya maka yadda aka samo ta. Sau da yawa za ka ga zobe a wuya ko a kwankwaso inda gashi ya tuje, fata ta yi kauri ko ta tsage. Shaidar tarkon waya ce, irin wanda ake yi da wayar birkin babur a ɗana wa gada ko barewa. Yadda dabba take fizga haka wayar take ƙara nitsewa, har ta yi kwanaki kafin ta mutu. Idan babu zobe kuma babu hudar harsashi, a yi zargin guba. Ana zuba maganin ƙwari na gona irin su Furadan a cikin mushen akuya, ya kashe damisar, ya kashe kura da ungulu da duk abin da ya taɓa naman.

Asarar ba ta tsaya kan dabba ɗaya ba. Damisa tana ɗaukar ciki kusan wata uku, ta haifi biyu ko uku, su zauna da ita shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Idan fatar ta mace ce mai goyo, ’ya’yan sun mutu a rami da yunwa. Mafarauci ne ya kashe, amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: kuɗin mai saye ne ke mayar da shi daji.

Kada ka yi sa-in-sa da mutumin. Ka riƙe rana da wuri, da lambar mota ko babur idan ka gani, ka kai ofishin NESREA, hukumar tilasta bin dokokin muhalli, na jiharka ko na kwastan. A Nijar jami'an gandun daji ake kai wa. Shi kuwa mai sayen, ka nuna masa fatar jar akuyar Sakkwato da aka buga wa zanen damisa. A Afirka ta Kudu mabiya cocin Shembe, da ke yafa fatar damisa a bukukuwansu, sun karɓi dubban mayafai na roba masu zanen damisa da ƙungiyar kare namun daji ta Panthera ta fara rabawa a 2013, kuma bikin bai rage armashi ba.

TAMBAYA: Mahaifiyata na fama da sanyin ƙashi, an ce in nemo mata kitsen zaki. Yana magani? Daga wata mai karatu, Bauchi.

AMSA: Allah ya ba Hajiya lafiya. Babu gwajin likitoci da ya nuna kitsen zaki yana warkar da sanyin ƙashi, sauƙin da ake ji daga tausa da ɗumi yake zuwa. Ki kai ta asibiti a gano ko gugar gaɓoɓi ce ko kumburi, domin maganinsu daban-daban ne.

Sannan ki yi lissafi. Binciken da aka wallafa a 2014 ya ƙiyasta zakuna kusan 400 ne suka rage a duk Afirka ta Yamma, mafi yawansu a dazukan W da Arli da Penjari da ke iyakar Nijar da Benin da Burkina Faso. A Najeriya ba su kai 50 ba, a Yankari da Kainji. Kwalaben da ke shimfiɗe a kasuwanni sun fi ƙarfin waɗannan zakuna. Ko dai kitsen wata dabba aka sayar miki, ko kuwa an kashe ɗaya daga cikin ’yan ƙalilan ɗin da suka rage.

TAMBAYA: An yi min tallan ɗan damisa a WhatsApp. Ba zan iya saye don in cece shi ba? Daga wani ɗalibi, Maraɗi.

AMSA: Kuɗinka odar na gaba ce, kuma da wuya a ɗauke ɗa ba a kashe uwar ba. Madarar shanu tana sa masa gudawa, tsokar nama zalla ba ƙashi tana lanƙwasa masa ƙafafu saboda ƙarancin sinadarin kalsiyam. Wanda ya rayu kuma, ba banza aka ce damisa ƙi sabo ba. Ka ɗauki hoton tallan da lambar wayar, ka kai wa jami'an gandun daji, kada ka sanar da mai tallan.