Shin ƙwaƙwalwa kwamfuta ce, kuma na'ura tana tunani?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ƙwaƙwalwar mutum kwamfuta ce kawai, kuma ko na'ura na iya tunani. A ganina, kamannin bai kai yadda ake zuzuta shi ba.

Ƙwaƙwalwa tana da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, amma ƙarfin da take ci bai wuce wat 20 ba, kamar ƙaramin ƙwan lantarki. Kwamfuta ta raba ma'ajiya da wurin lissafi. A ƙwaƙwalwa kuwa, duk abin da ka koya, mahaɗar jijiyoyin ce da kanta ke sauyawa.

Batun tunani ya fi wuya. A 1997 na'urar Deep Blue ta doke Garry Kasparov, zakaran duniya na lokacin, a wasan darar Turawa (chess), amma ba ta san ta ci ba. Tun 1950 masanin lissafi Alan Turing ya ba da shawarar a gwada na'ura ta hanyar hira. Nan mutane ke yin kuskure: suna ɗaukar iya magana a matsayin fahimta. Manhajojin hira na yau kan jero amsa tsaf, ko da ba daidai ba ce. Don haka in maganar ciwo ce ko magani, don Allah kada ka dogara da su, ka ga likita.