Amsa: Kaset ne ya kashe kiɗan cikin gida?

Kin tambaya ko kaset da waya ne suka sa mata suka bar kiɗa a cikin gida. E, sun taimaka ƙwarai, amma ba su kaɗai ba ne. Tun asali kalangu da kotso da kukuma na makaɗa ne, sana'a ce ta gado, mai gida ba ya ɗauka ya kaɗa don nishaɗi. Kiɗan gida na mata ne: shantu da ake bugawa a cinya ana toshe bakinsa da tafin hannu, da ƙwarya, da kiɗan ruwa inda ake kifa ƙwarya a kan ruwa a buga, da luguden da ake yi a turmi.

A gidanmu na ga yadda abin ya tafi. Kakarmu tana waƙa ne a kan dutsen niƙa, matan gida kuma suna lugude lokacin daka. Da injin niƙa ya shigo unguwa, aikin ya bar tsakar gida, waƙar ta bi shi, tun kafin mu sayi rikoda. Daga baya kaset ya zo ya ƙarasa sauran: ranar suna, maimakon a fito da ƙore a yi amada, sai a kunna Barmani Choge a taka rawa. Wannan yana yi mini ciwo, wallahi. In akwai tsohuwa a gidanku da ta iya shantu, ki nemo mata ɗaya, ki zauna gefenta ki koya.