Injin dandaƙa kara da rassa: na esansi ko na gazuwal?

Wani mai kiwo daga Mirriya ya tambaya: yana son sayen injin da zai dinga dandaƙa karan hatsi da rassan dogon yaro, wanne ya fi sauƙin kuɗin mai?

Malam, a fara da farashi. Bisa ragin da gwamnati ta yi a Yulin 2024, litar esansi ta koma sefa 499, ta gazuwal kuwa 618. Wato a Nijar gazuwal ya fi tsada, ko da yake duka biyun matatar SORAZ da ke arewa da Damagaram ce ke tace su tun 2011. Abin da ke ceton injin gazuwal shi ne ƙarancin sha. Injin esansi mai ƙarfin doki 13 yakan sha kusan lita 3 a awa idan ana ba shi aiki sosai, ɗan'uwansa na gazuwal kuwa kusan lita 2. Ka ga sefa 1.500 ke nan a gefe guda, 1.240 a ɗaya gefen. Ratar ba ta wuce sefa 260 a awa ba.

Yanzu ka tambayi kanka awa nawa injin zai yi a shekara. Mu ɗauka na gazuwal ya ɗara na esansi da jikka 300 wajen saye. Sai ya yi awa sama da 1.100 kafin ya mayar maka da wannan ƙarin. Wanda zai dandaƙa karan gonarsa kaɗai bayan kaka, sati uku ko huɗu, na esansi ya ishe shi. Ƙungiyar manoma ko mai yi wa jama'a aiki a biya shi, daga Nuwamba har faɗuwar ruwa, shi ne gazuwal zai yi wa rana.

Wani daga Matamaye ya ce injinsa ya ƙara shan mai, alhali bai canza komai ba.

Duba wuƙaƙen tukuna, kafin ka kira makaniki. Ƙasarmu jigawa ce, kuma karan da aka tumɓuke da saiwa yana zuwa da rairayi, shi ke cinye kaifi. Wuƙa in ta dakushe za ka ji injin yana nishi, kara yana fitowa zare-zare maimakon guntu-guntu, mai kuma yana tafiya. A sare saiwar, a kakkaɓe karan, a wasa wuƙa da zarar an ga haka. Sai matatar iska: lokacin ƙurar hunturu a buɗe ta kowace yamma a kakkaɓe. Bel mai sako-sako ma yana zamewa, ƙarfi ya tafi a banza.

Batun gyara kuma fa? Na esansi kayansa araha ne: buji, wankin karbureta, canjin baƙin mai kusan lita ɗaya bayan awa 100, ko 50 idan ƙura ta yi yawa. Masu gyaran babur ma suna iya taɓa shi. Illarsa ita ce ajiya: esansin da ya kwana watanni a karbureta yana daskarewa ya toshe ta, don haka a rufe famfon mai a bar injin ya ƙone sauran kafin a jingine shi.

Na gazuwal ya fi juriya, amma ba ya yafe dattin mai. Gazuwal na kwalba da ake saye bakin hanya, in da ruwa ko rairayi a ciki, yana kashe famfon da ke tura mai da injekta da ke fesa shi cikin injin, kuma gyara ɗaya zai iya lashe abin da ka tara a wata da watanni. A saya a gidan mai, a bar shi ya kwanta a jarka kwana guda, a tace da kyalle mai tsabta. Kada a bar tanki ya ƙafe, domin iska na shiga bututu, injin ya ƙi tashi sai an sassauta kusoshi an fitar da ita.