Ɗana na son ya mai da sunuka sana'a, akwai abinci a cikinta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da yaro ɗan shekara 16 da ya kamu da son sunuka, kuma duk wanda ya ga wasansa sai ya yaba. Yanzu ya ce zai ajiye karatu ya zama ƙwararren ɗan wasa irin waɗanda yake kallo a waya. Ni ban san kan abin ba. Ta yaya ake zama ƙwararre, kuma ana iya riƙe gida da wannan sana'a? Daga wani mahaifi.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Kafin mu yi nisa, ka je da kanka ka ga teburin da yaron yake bugawa. Idan ƙarami ne mai ƙwallaye masu lamba da manyan ramuka, to wannan wasan pul ne, ko da kowa na ce masa sunuka. Teburin sunuka na ainihi ƙafa 12 ne a tsawo, 6 a faɗi, ramukansa matsattsu, da jajayen ƙwallaye 15, masu launi 6, sai fara ɗaya. Gwanin ƙaramin tebur, ranar da ya fara tsayawa gaban babba, yakan sha mamakin yadda ƙwallo ke zuwa bakin rami ta girgiza ta dawo.

Sai ka tambaye shi abu ɗaya: maki nawa ya taɓa tarawa a shiga ɗaya ba tare da ya ɓarar ba? Wannan shi ne ma'aunin 'yan sunuka. Ja maki ɗaya ce, baƙa bakwai, kuma ƙololuwar abin da ake tarawa a al'ada 147 ne: ja 15 kowace da baƙarta, sannan a kwashe masu launi a jere. Ronnie O'Sullivan, wanda wataƙila shi yaronka ke kallo, ya haura 100 a shiga ɗaya yana ɗan shekara 10, ya zama ƙwararre a 1992 yana da 16. Ba a auna kowa da shi, amma irinsu ne ke jiran mai shigowa.

Ƙwararrun duniya gaba ɗaya kusan 128 ne, a ƙarƙashin World Snooker Tour da ke Ingila. Ba a shiga sai da kati. Ana samun katin ta gasar share fage da ake kira Q School, wadda aka fara a 2011, ko ta gasannin 'yan koyo na duniya da na nahiyoyi. 'Yan wasa daga Masar da Maroko sun shiga ta ƙofar Afirka.

A nan nake so ka tsaya ka saurara, domin samun katin ba shi ne wahalar ba, riƙe shi ne. Shekara biyu ake ba mutum. Matsayinsa kuwa ana lissafa shi ne da kuɗin da ya ci a gasanni cikin shekara biyu da suka wuce. Sabon shiga da sifili yake farawa, a haɗa shi da waɗanda suka daɗe suna cin tuwon abin, kuma dole ya kutsa cikin 64 na sama kafin wa'adinsa ya cika. In bai kai ba, sai dai wasu 'yan gurabu kaɗan da ake ware wa waɗanda suka yi ƙoƙari a kakar ƙarshe. Sauran kowa ya koma Q School, inda zai tarar da tsofaffin ƙwararru da su ma aka sauke, kowa da yunwarsa.

Kuɗin da ake gani a talabijin gaskiya ne. Zakaran duniya, a gasar da ake yi a zauren Crucible na birnin Sheffield tun 1977, fam 500,000 ya ɗauka a 2025. Amma a yawancin gasanni, wanda aka cire a zagayen farko ba ya samun ko sisi, alhali kuɗin jirgi da masauki daga aljihunsa suke. Sai a 2022 aka fara lamunce wa kowane mai kati fam 20,000 a shekara, ita ma ana cire ta daga abin da ya ci. Ga mai zama a Birtaniya yana biyan haya da kuɗin teburin atisaye, wannan ba ta wuce rufin asiri ba. Zaman can ɗin kuwa kusan tilas ne, tunda wasannin share fage, har na gasannin da ake yi a Chaina, yawanci a Ingila ake buga su. Shi ya sa Ding Junhui, fitaccen ɗan wasan Chaina, ya bar gida yana matashi, kuma har yau Sheffield cike take da 'yan wasan Chaina.

Inda hannu ya yi ƙunci, nan 'yan caca ke leƙowa. A 2013 an dakatar da Stephen Lee shekara 12 kan sayar da wasa. A 2023 aka hukunta 'yan Chaina 10 lokaci guda, biyu daga ciki har abada. Zhao Xintong, da aka dakatar wata 20, ya dawo ya ci kofin duniya a 2025, amma shi ɗaya ne ya yi irin wannan dawowa. Uban da zai tura yaro ƙasar da ba shi da kowa, ya san da wannan.

Akwai kuma kujerar. Wanda bai buga ba ba ya gane ta. Ka ɓarar da ƙwallo ɗaya mai sauƙi, ka koma ka zauna, hannu kan cinya, ka kurɓi ruwa ba don ƙishi ba, abokin karawarka na ta kwashe tebur a gabanka minti goma, ba ka da ikon yin komai. Wasan ƙarshe na gasar duniya kwana biyu ake yinsa, sai wanda ya riga cin jeri 18, wato wasa 18 da ake jera ƙwallaye sabo a kowane. Mark Selby, mai kofin duniya huɗu, ya fito fili ya ce yana fama da ciwon damuwa. Stephen Hendry mai kofi bakwai ya ce a ƙarshen zamaninsa hannunsa kan ƙi sakin sanda yadda yake so.

Batun ajiye karatu, ni ban goyi baya ba, kuma dalilina daga cikin wasan yake. Sunuka ba ƙwallon ƙafa ba ce da gwiwa ke ƙarewa a shekara 33. Stuart Bingham ya zama ƙwararre a 1995, bai ci babbar gasa ta matsayi ba sai 2011, ya zama zakaran duniya a 2015 yana da shekara 38. Kyren Wilson ya rasa gurbinsa bayan kakarsa ta farko, ya yi shekara biyu a waje, ya dawo a 2013, ya ci kofin a 2024. Mark Williams ya kai wasan ƙarshe na gasar duniya a 2025 yana da 50. Shekara biyun da yaro zai ƙarasa sakandare ba za su rufe masa ƙofa ba, muddin yana atisaye. Amma in ya faɗo daga jadawali yana da 24 ba takarda a hannu, kai ne za ka ɗauka.

Ka nemo masa babban tebur, ka ba shi littafi ya riƙa rubuta mafi yawan makin da ya tara a shiga ɗaya kowace rana, har wata uku. Idan 50 ta zama ruwan dare, 100 na leƙowa jefi-jefi, ka nemi hukumar sunuka ta ƙasarku a sa shi gasar 'yan koyo, domin ta hannunta ake zuwa gasar nahiya. Idan kuma 20 zuwa 30 yake tsayawa, ku zauna da shi ku buɗe littafin tare, ya karanta lambobin da bakinsa.