Ina son taimaka wa dabbobin da aka yasar a Kano, ta ina zan fara?

Ɗan'uwa, Allah ya saka da alheri da wannan niyya. Gidajen rainon dabbobi irin na Ingila ba su yawaita a nan ba, don haka ka fara zuwa asibitin dabbobi na Gwale, ka gaishe da likitocin, ka ce kana son ba da hannu kyauta. Ko riƙe akuya a yi mata allura ka iya, ka rage musu aiki, kuma a nan za ka koyi kama dabba ba tare da ka ji mata ciwo ba.

A unguwa kuwa, ka ajiye kaskon ruwa a inuwa lokacin bazara. Ka san hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare. 'Ya'yan magen da yara ke jifa a lungu, su ne suka fi ba ni tausayi. Ka yi wa yaran magana da taushi, suna ji.

Amma ka kiyayi karen da yake dalalar da yawu ko yake cizon duk abin da ya tarar. Idan kare ya cije ka ko mage ta yakushe ka, wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ka tafi asibiti a ranar don allurar rigakafin haukan kare. Da zarar alamun cutar sun bayyana, da wuya a rayu.