Tambaya da Amsa: Idona ya fara gajiya, kuma tela ba shi da fansho

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne a Jega, shekarata 46, shekara 28 ke nan ina kan keke. Ina da mata biyu da 'ya'ya tara, babban yana jami'a a Aliero, autan yana goye. Da azumin bana na lura sai na miƙa wa yaron shago allura ya zura mini zare, ko da tabarau a idona. Abin ya tsaya mini a rai. Maƙwabcina malamin firamare ne da ya yi ritaya, ko ba yawa yana da abin da yake jira ƙarshen wata. Ni ranar da ido ya ƙi, shi ke nan. Ina da gonar gado ɗaya a fadama, ina zubin adashi dubu biyar duk mako, ba ni da komai a banki, kuma ina tsoron kuɗin ruwa. Abokaina suna cewa in daina wahalar da kaina, 'ya'ya su ne fanshon talaka. Me za ka ce mini? Tela daga Jega, Jihar Kebbi.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya ƙara wa ido lafiya. Kafin mu shiga maganar kuɗi, ka ware rana ɗaya ka je Birnin Kebbi a duba idon nan a asibiti, ko na Sir Yahaya ko na Tarayya. Yawancin mutane in sun haura 40 ganin kusa yana raguwa, sau da yawa canjin tabarau ne kawai maganinsa. Amma a auna maka hawan jinin ido da suga, domin su ɓarnarsu a ɓoye suke yi. Idon nan shi ne jarinka na farko, kada ka bar shi a hannun masu tallan tabarau na bakin tasha.

Sai maganar abokanka. Allah Ya wajabta wa ɗa kula da iyayensa, kuma ina fata naka tara su yi maka fiye da haka. Amma bari in ba ka labarin kawuna, ƙanin mahaifiyata. Dillalin albasa ne a Aliero, a zamaninsa ana loda masa mota zuwa kudu. Gonaki uku ya mallaka. Ɗaya ta tafi a kayan ɗakin 'yan mata, ɗaya ya jinginar da ita shekarar da albasa ta ruɓe masa, ba ta ƙara dawowa ba, ta ukun ya sayar da ciwon ƙafa ya kwantar da shi. 'Ya'yansa mutanen kirki ne, babu wanda ya juya masa baya. Sai dai ɗaya malamin makaranta ne, ɗaya kabu-kabu yake yi, kowa da nasa iyalin. Wata ranar Juma'a na same shi a zaure, ya kama hannuna ya ce, "Ba yunwa ka damuna ba, ɗana. Roƙon ɗan da na haifa kuɗin goro shi ka damuna." Na yi shekara sama da 20 ina aiki da ƙungiyoyin manoma tsakanin Argungu da Bagudo da Yauri, kuma na ga irin kawuna a kowane gari. Abincinsu bai yanke ba, amma ikon cewa "ungo" ya bar hannunsu. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, ko da mai gatarin ɗanka ne. Ka kuma lissafa: ranar da ka cika 60, autanka yana kusan 15. Kai ne za ka ci gaba da ciyar da shi.

Abin da nake so ka fara yi ba ya buƙatar ko kwabo. Ka zauna da matanka ku ƙirga buhu nawa na gero da dawa da shinkafa gidan yake ci a shekara, jarkar mai nawa, magani na nawa. Ka rubuta da buhu da kwano, kada ka rubuta da naira. Dalili kuwa kowa ya gani da idonsa. Kafin 29 ga Mayu 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, a ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Dalar da take wajen 460 a banki ta wuce 1,500 a 2024. Hukumar ƙididdiga ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Wanda ya ajiye miliyan ɗaya a akwati a 2022 yana da miliyan ɗaya har yau, amma ka tambaye shi buhu nawa za ta saya masa. Masu binne kuɗi a gida kuma ba su manta wuyar da suka sha a canjin kuɗi na farkon 2023 ba. Saboda haka tambayar da za ka riƙa yi wa kanka ita ce: me zan mallaka wanda zai kawo mini buhunan nan duk shekara ba tare da na hau keke ba?

Amsar farko tana hannunka, gonar fadamar nan. Kada ka sayar, kada ka jinginar, ko da auren 'ya mace ya taso. In gadon bai rabu ba tsakaninka da 'yan'uwanka, ku raba shi yanzu da dattawan da suka san iyaka suna raye, a rubuta, mai unguwa da hakimi su sa hannu, ka adana takardar a wuri biyu. Na ga tsofaffi da dama suna jigila zuwa kotu da sanda saboda gonar da kowa ya san tasu ce amma babu takarda. Gona mai takarda, in ƙarfi ya ƙare, za ka ba wani ya noma ku raba, ko ka ba da haya rani da damina. In Allah Ya hore maka ta biyu, ka nemi ta tudu. Ambaliyar 2020 ta shanye shinkafar fadamun Kebbi ana dab da girbi, waɗanda suke da gero da wake a tudu su ne ba su kwana da yunwa ba. Haka nan kada ka zuba komai a shanu ka ba wani kiwo a daji mai nisa. Mutanen ƙasar Zuru da maƙwabtanmu na Zamfara sun ga yadda garke guda yake tafiya a dare ɗaya. Tumaki uku ko huɗu a cikin gida, da ragon da za a turke don layya, sun fi kwanciyar hankali.

Amsa ta biyu shagonka ne, kuma a nan nake so ka fi sa ƙarfi domin nan ka fi kowa sani. Telan da idonsa ya raunana bai rasa sanin awo ba, bai rasa sanin yadi mai kyau ba, kuma masu kawo masa ɗinki shekara 28 ba su manta ƙofarsa ba. Kuɗin tela a wata biyu suke zuwa, azumi da gabanin babbar sallah. Ka ɗaura wa kanka doka: duk shekara, kafin kuɗin ƙaramar sallah su watse, ka sayi abu ɗaya da zai zauna a shagon. Bana keke, baɗi keken aikin wuya, wata shekara ka fara ajiye zare da maɓallai da zif kana sayar wa sauran teloli. Yaran da ka yaye, ka riƙe biyu masu amana bisa rabon da aka rubuta, kowa ya san nasa kason a kowace riga. In shagon na haya ne, ka sa shi a cikin burinka ka mallaki naka ko da a lungu ne. Nan da shekara 14 kana iya zama maigidan shago mai kekuna biyar, kana karɓar aiki kana duba shi, ba ka zura zare ko sau ɗaya.

Adashinka dubu 260 ne a shekara, ba ƙaramin abu ba ne. Ba ni da ja da adashi, ya gina gidaje da yawa a ƙasar nan. Amma ba ya haihuwa, abin da ka zuba shi za ka kwasa, wanda ya kwasa a ƙarshe ma darajar kuɗinsa ta ragu. Amfaninsa yana ga abin da aka yi da kwasar. In ta tafi a suna da biki da anko, ciyarwa ka yi, ba tanadi ba. Ka yanke abin da za ka saya tun kafin ranar kwasa, ka biya washegari. Sayen hatsin ci da kaka yana da kyau, wake kuma ka zuba shi a buhun PICS mai ninki uku don kada ƙwari su ci. Amma tara hatsi don jiran tsada kada ka ɗauke shi tabbas, da yawan waɗanda suka saya da tsada a kakar 2024 sun sayar da asara da farashi ya karye a 2025.

Ka ce tela ba shi da fansho. Na gwamnati kam babu, amma akwai wanda mutum yake yi wa kansa. A Maris 2019 hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta buɗe tsarin fansho na masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa: ka yi rajista da kamfanin fansho mai lasisi, ka riƙa zuba abin da ya sawwaƙa kullum ko duk mako ko duk wata. Yadda aka fara shi, kashi 40 cikin 100 kana iya cira in buƙata ta taso, kashi 60 yana kulle sai ka kai 50 ko rashin lafiya ta hana ka aiki. Ka sa a karanta maka ƙa'idar da ake bi yanzu kafin ka sa hannu. Tsoronka na kuɗin ruwa kuma yana kan daidai. Tun 2021 hukumar ta amince da asusun da ba a juya shi da kuɗin ruwa, saboda haka ka tambayi kamfanin kai tsaye ko can za a sa kuɗinka, in sun yi kame-kame ka tashi. Akwai kuma sukuk na Gwamnatin Tarayya, wato takardar zuba jari marar kuɗin ruwa, wanda aka fara a 2017 da naira biliyan 100 don gina hanyoyi. Ana shiga da dubu 10, ana biyan kuɗin haya sau biyu a shekara, a mayar maka da uwar kuɗinka in wa'adi ya cika. Na farkon kashi 16.47 ya riƙa biya a shekara, ka ga a 2024 tsada ta tsere masa. Don haka ni a wurina waɗannan na uku ne, bayan gona da shago. Amfaninsu shi ne ambaliya ba ta cin su, ɓarawo ba ya kora su, kuma ɗan'uwa ba ya ganinsu balle ya zo rance.

Ka buɗe asusu a ɗaya daga bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, irin Jaiz ko TAJ, don kuɗin ko-ta-kwana kawai, kamar na cefanen wata uku. Tun 2024 hukumar inshorar ajiya, NDIC, tana tsaya wa mai ajiya har naira miliyan 5 in banki irin waɗannan ya durƙushe. Ka kuma je ofishin KECHEMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, ka tambayi yadda mai sana'a yake shiga shi da iyalinsa, domin ciwo ne ya cinye gonar kawuna ta ƙarshe. Duk wanda kuma ya zo maka da waya yana cewa zuba dubu 100 ka kwashi 200 a wata, ka tuna MMM a 2016 da CBEX a 2025 da suka gudu da kuɗin mutane, ka sallame shi ko da limamin unguwa ne ya rako shi.

In wani ya ce maka wannan rashin tawakkali ne, ka tuna masa Annabi Yusuf, alaihis salam, da ya ce a bar hatsin shekara bakwai a zangarniyarsa. Ya kuma inganta cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yana ajiye wa iyalansa abincin shekara.

TAMBAYA: Malam, ina turara shinkafa ina sayarwa a Argungu, shekarata 52, mu uku ne a wurin maigida. Na tara ɗan abin da na tara. Gwal zan saya ko awaki? Wata baiwar Allah daga Argungu.

AMSA: Hajiya, Allah Ya yi wa nema albarka. Kin yi daidai da kika fara tunanin kanki, domin in maigida ya riga ku, Allah Ya ja da ransa, tumunin takaba ɗaya bisa takwas ne in akwai 'ya'ya, kuma ku uku za ku raba shi. Ki raba kuɗin gida biyu. Awaki suna haihuwa, suna fitar da ke kunyar yau da gobe, amma cuta tana iya share su, don haka ki riƙa yi musu allurar rigakafi. Gwal ba ya haihuwa, sai dai yana bin tsada a guje. Ki saya wurin wanda zai auna a gabanki ya rubuta miki giram da karat a rasit da sunanki, ki zaɓi maras ado da yawa domin kuɗin ƙira ba ya dawowa ranar sayarwa. A mazhabar Malikiyya gwal ɗin kwalliya babu zakka a kansa, amma wanda aka ajiye don tsaron gaba, in ya kai nisabi, wajen giram 85, ya kuma shekara, ana fitar da ɗaya bisa arba'in. Ki sanar da mutum biyu amintattu abin da kika mallaka, a rubuta, don kada wata rana a haɗa awakinki da tukwanen turararki cikin dukiyar gado. Asusun banki ma ki buɗe da sunanki da lambar wayarki, kada ki yi amfani da na ɗanki.